Wa Ya Raba Auren Shinkafa Da Wake?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan ƙaramar Sallah. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Zariya. Shekara 33 na yi ina koyar da ilmin halittu a makarantun sakandare kafin in ajiye alli. Ban taɓa rubuto muku ba, karatu kawai nake yi in ninke jarida in tura ƙarƙashin tabarma. To amma ruwa ba ya tsami banza.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gidan yayata a Tudun Wada kamar yadda na saba. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne na ƙarshe, kuma har yau da furfurata da jikokina Auta take kirana. Tun ina saurayi in na je gidanta ran Juma'a garau-garau nake tararwa, da mai da yaji da yankakkiyar albasa. Ranar sai aka dire mini farar shinkafa tsurarta, da ɗan latas a gefe. Na buɗe kwano na rufe, na ce, "Yaya, tsadar waken har ta kai haka?"

Ta ce, "Auta, ai an hana. Ashe guba muke ta ci shekara da shekaru ba mu sani ba."

Ta nuna mini wata takarda da aka manne a jikin bango kusa da ƙofar madafi. An raba ta gida uku. Gida na farko nama, kifi, ƙwai, wake, nono. Na biyu shinkafa, tuwo, doya, dankali, burodi. Na uku ganyaye da mai. A ƙasa an rubuta dokoki da jan biro: kada a haɗa gida na farko da na biyu a zama ɗaya, a bar awa huɗu tsakaninsu, daga asuba zuwa azahar ba a cin komai sai 'ya'yan itatuwa, kankana kuwa ita kaɗai ake shan ta, in ta haɗu da wani abu ruɓewa take yi a ciki. Jikarta ce ta kawo, wadda ke aji biyu a jami'a. Ta saya ne a wajen wata baiwar Allah da ke tallar tsarin rage ƙiba a WhatsApp, naira dubu biyar. Da na fara magana yarinyar ta leƙo daga ɗaki tana dariya, ta ce, "Kai tsoho, ilminka na zamanin Gowon ne. Wannan sabon bincike ne."

Na ce mata, amarya, takardar nan ta girmi Gowon.

Ba wasa nake yi ba, Edita. Wanda ya fito da wannan tsari wani likita ne ɗan Amurka mai suna William Howard Hay, an haife shi a 1866, ya rasu a 1940. Yana cikin aikinsa ya kamu da ciwon ƙoda da hawan jini, ga shi da jiki. Sai ya rage ci ƙwarai, ya sauke kilo sama da 20, ya ji sauƙi. Maimakon ya ce rage ci ne ya taimake shi, sai ya gina bayani a kan cewa asirin yana wajen raba nama da sitaci, wato abinci irin su shinkafa da burodi da dankali, ya kuma buga littafi a kan haka a 1929. Wani Herbert Shelton ya ƙara wa dokokin tsauri a 1951, shi ne mai cewa kankana ba ta son abokin zama. Dokar 'ya'yan itatuwa zalla har tsakar rana kuma ta bazu ne ta littafin da wasu miji da mata, Harvey da Marilyn Diamond, suka fitar a 1985, wanda aka sayi miliyoyinsa. Abin da aka yi mana shi ne an cire sunayen abincin Turawa an sa tuwo da doya, an karɓi dubu biyar.

Ba na raina Hay. Tunaninsa yana da kan gado in ka ji shi da farko, kuma kowace macen da ta taɓa dama kunu za ta gane shi nan take. Cewa ya yi, nama ba ya narkewa sai cikin tsami, sitaci kuma ba ya narkewa sai cikin abin da ya yi kama da ruwan kanwa. To kowa ya san in tsami ya yi yawa ɗan ruwan kanwa ake zubawa ya kashe shi. Saboda haka, a ganinsa, in ka ci tuwo da nama tare, tsami da kanwa za su kashe juna a ciki, abinci ya zauna bai narke ba, ya ruɓe, ya zama guba. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa take shiga kunne. Sinadarin da ke fara narkar da nama a tumbi lallai tsami yake so. Wanda ke narkar da sitaci lallai ba ya jure tsami mai ƙarfi. Inda Hay ya kauce shi ne ya ɗauki ciki kamar tukunya ɗaya da ake zuba komai a dama. Alhali ciki layi ne, kamar yadda hatsi ke bi daga sussuka zuwa surfe zuwa niƙa, kowane a wurinsa.

Akwai wani gwaji da na yi wa ɗalibai ba sau ɗaya ba ba sau ashirin ba. Nakan zo da koko marar sukari a roba, in zuba a kwalabe biyu. Sai in ce wa zai ba mu miyau, aji ya kaure da ihu, 'yan mata na toshe baki, har a samu wani shaƙiyyi ya fito ya tofa a kwalba ɗaya. Mu bar su cikin ruwan ɗumi mu ci gaba da darasi. Kafin a kaɗa ƙararrawa sai in ɗiga aidin a kowace. Wadda ba miyau ta koma baƙi-ƙirin mai shuɗi-shuɗi, alamar sitaci na nan. Mai miyau kuwa launin ba ya kamawa sosai, don miyau ya riga ya fara mayar da sitacin sukari. Wannan shi ne zango na farko, a baki. Daga nan loma ta faɗa tumbi, inda tsamin ya kai na lemon tsami ko ya fi, a fara sarrafa nama da wake. Ko ruwan koko ka sha tumbi zai zubo tsaminsa, ba ya tambayar me ya shigo. Sannan tumbi ya riƙa sakin abin kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. A bakin ƙaramin hanjin nan ne ake zuba "kanwar". Wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ce dai mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, takan turo ruwa mai kashe tsami. A cikin wannan ruwa guda akwai mai narkar da sitaci, da mai narkar da nama, da mai narkar da maiƙo, duk tare suke fitowa ta bututu ɗaya, maɗaciya kuma ta ƙaro nata don maiƙo. Jikin da aka halitta yana zubo su tare, shi ne za a ce ba ya iya karɓar tuwo da tsokar nama a lokaci guda?

Kuma ba a takarda kawai aka san wannan ba, an gani da ido. A 1822, a tsibirin Mackinac da ke Amurka, bindiga ta tashi ta sami wani matashi mai suna Alexis St. Martin a ciki. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar ƙofa har cikin tumbinsa. Likitan soja da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya shafe shekaru yana ɗaura abinci a zaren siliki yana zurawa ta ƙofar nan, ya zaro bayan awa ɗaya ko biyu ya duba. A gwajinsa na farko ma nama da burodi da kabeji ya jera a zare ɗaya. Ya buga abin da ya gani a 1833, shekara 33 kafin a haifi Hay. St. Martin kuwa ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa da ƙofarsa.

Maganar ruɓewa ita ta fi ba ni dariya. Abu ba ya ruɓewa sai da ƙwayoyin halitta masu ruɓar da shi, kuma mafi yawansu ba sa iya zama cikin tsamin tumbi. Abinci ma awa biyu zuwa huɗu yake yi a wurin ya wuce. Inda ƙwayoyin suke da yawa shi ne babban hanji, can ƙarshen layi, kuma aikinsu ke nan su ci ragowar da ba mu iya narkarwa ba. Iskar da wake ke sa mutum daga nan take. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikin wake da cikin ɗan Adam ba shi da abin narkar da su, sai sun isa can. Ka ci shi da shinkafa ko ka ci shi gaya, sai ka yi tusa, a gafarce ni. Mai son ragewa ya jiƙa waken ya kwana, ya zubar da ruwan, ya dafa shi ya yi luguf.

Na cire takardar daga bango na ce wa amaryar tawa ta nuna mini gidan da wake yake. Ta nuna na nama. Na ce to, a cikin mudun wake, abin gina jiki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, fiye da rabinsa kuwa dangin sitaci ne. Gero da dawa da alkama su ma kusan kashi ɗaya cikin goma nasu abin gina jiki ne. Wace wuƙa za ki sa ki raba ƙwayar wake gida biyu, ki ci rabi yanzu rabi bayan awa huɗu? Nonon uwa fa? Sukari da maiƙo da abin gina jiki ne a gauraye, kuma jaririn kwana ɗaya, mai cikin da ya fi na kowa rauni, shi ake ba. Je ki asibitin da ake kula da yara masu tamowa ki ga ɗan ƙunshin da ake ba su suna tsotsa: gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai aka kwaɓa. A dokar takardarki wannan guba ce. Da ita ake tashin yaran da ƙashin haƙarƙarinsu ya fito.

Ta yi shiru, sannan ta kawo hujjar da ta fi ƙarfi, na kuma yaba mata. Ta ce, "To ai Hajiya ta rage kilo huɗu a wata biyu." Gaskiya ne, ta rage. Ni ma na ga zanenta ya yi mata yawa. Sai na ce mu zauna mu lissafa abin da ta daina. Shayi mai kauri da burodi da safe, babu. Lemon kwalba, babu. Cincin da dubulan na gidan biki, babu. Tuwon dare ta rage shi, don a cewarta tuwo da miyar da ba nama ba ya shiga. Duk wanda ya bar waɗannan zai rame, ko da takarda ko ba takarda. An ma taɓa gwada ainihin wannan tambaya. A asibitin jami'ar Janeba da ke ƙasar Suwizalan, Alain Golay da abokan aikinsa sun kwantar da masu ƙiba 54 na mako shida, suka raba su biyu. Kowa ana ba shi abinci mai ƙarfi daidai da na ɗan'uwansa, kalori 1,100 a rana. Rukuni ɗaya ana rarraba musu nau'o'in abincin, ɗaya kuma ana ba su a haɗe. Masu rarrabawa sun sauke kilo 6.2, masu haɗawa kilo 7.5, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. An buga sakamakon a 2000. Mutum 54 ba su da yawa, na yarda. Amma mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma shekara kusan ɗari ke nan masu wannan tsari suna sayar da littafi, da aka auna kuma aka tarar rage ci ne ke aiki.

Da a nan abin ya tsaya, Edita, da ban ɓata tawadarka ba. Kowa ya ci abin da ya ga dama yadda ya ga dama. Amma yayata tana da ciwon suga shekara goma sha ɗaya, tana shan ƙwayoyi iri biyu, ɗaya daga cikinsu mai sauke suga ne ko ka ci ko ba ka ci ba. Sai da na matsa ta gaya mini cewa tun da ta fara tsarin, in ta sha maganin safe ta bi shi da kankana, kafin azahar sai jiri ya ɗebe ta, hannu na rawa, gumi na tsatsafowa. An ce mata wai guba ce ke fita. Washegari na dawo da hantsi na zauna har abin ya zo. Na soki yatsarta na ɗiga jinin a na'urar awon suga, ta nuna 3.6, wato sugan ya yi ƙasa da yawa. Na jiƙa sukari a ruwa na ba ta da hannuna, ina kallon yadda kofin ke karkarwa a bakinta. Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wadda wani lokaci ita kaɗai ke wuni a gida. Da rana kuma, awa biyu bayan farar shinkafarta, na'urar ta haura 14, wato sugan ya hau da yawa. Bayan kwana biyu na lallaɓa ta ta ci garau-garau kwano daidai da wancan, ta nuna 10 da ɗan ɗoriya. Gwajin mutum ɗaya ba bincike ba ne, ni na koya wa yara haka. Sai dai ya yi daidai da abin da aka daɗe da sani: wake da ganye da ɗan mai suna rage gudun da sukarin shinkafa ke yi zuwa cikin jini. Wato haɗin da takardar ta hana, shi ne wanda mai ciwon suga ya fi bukata.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda dokar ta faɗa wa. Mai kuɗi in an hana shi tuwo da nama tare, zai ci gasasshiyar kaza da salak ya kwanta. Talaka fa? Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, nan Samaru ma masana sun shafe shekaru suna fitar da ingantaccen irinsa, kuma shi ne naman wanda ba shi da kuɗin nama. Hatsi yana da ƙarancin wani tubalin gina jiki da wake ke da shi a wadace, wake kuma yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi. Iyayenmu ba su san sunayen tubalan nan ba, amma sun bar mana koko da ƙosai, ɗanwake, shinkafa da wake, fura da nono, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Ba dole ne a ci su a loma ɗaya kafin su cike wa juna ba, amma uwar da ke dafa tukunya ɗaya a wuni ba ta da gawayin dafa biyu. In ka ce ta raba, waken za ta bari.

Ba ina cewa haɗin abinci ba shi da tasiri ba ne. Yana da shi, sai dai ba inda takardar ke nunawa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matanmu masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Shayi in aka sha shi kan abinci yana iya rage fiye da rabin sinadarin ƙarfe da jiki zai tsotsa daga hatsi da wake da ganye, lemo ko gwaiba ko tumatir kuma suna ƙara shi. Ga mai ciki nan tana kora abinci da baƙin shayi, ba wanda ya manna mata takarda. Ga takardar kuma tana hana shan lemo bayan wake, abin da ya kamata a ce a yi. Karas da zogale da alayyafo ba sa ba da amfaninsu ga ido sosai sai da ɗan mai. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ana son a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, amma tetracycline da ciprofloxacin in ka kora su da nono ka rage musu ƙarfi. Waɗannan an auna su an gani, kuma ba a sayar da su dubu biyar.

Mu ma muna da namu na gado. Tun muna yara ake ce mana wanda ya sha mangwaro ya bi da garin kwaki sai gawarsa, kifi da nono kuma na kawo farin dabbare a fata. Garin da ba a jiƙa rogonsa aka soya shi da kyau ba yana iya illa da mangwaro ko ba mangwaro, kifin da ya kwana a zafin Afrilu kuma ba ya bukatar taimakon nono. Wanda madara ke murɗa wa ciki, ko wanda abinci mai nauyi da maiƙo ke tayar wa da ƙwannafi, ya bari, jikinsa ya fi kowa sanin kansa. Wannan daban, kafa wa dukan jama'a doka daban.

Yaya da kanta ta kawo wata magana da ban yi tunaninta ba. Tana Islamiyyar matan aure, ta ce an karanta musu hadisin da aka kwatanta fifikon Nana A'isha a kan mata da fifikon tharidi a kan sauran abinci. Ta tambayi malamarsu mene ne tharidi, aka ce gurasa ce da ake jiƙawa da romon nama. Ta dube ni ta ce, "Auta, ashe wannan ma gida na farko da na biyu ne." Ni ba malamin addini ba ne, ban ƙara komai ba.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ku nemi masana abinci na gaskiya, akwai su a asibitin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano da sauransu, ku ba su shafi ko sau ɗaya a wata su amsa tambayoyin mutane da Hausa. Masu ciwon suga da hawan jini da masu juna biyu kuma, don Allah kafin ku bi kowace takarda ku kai ta wajen likitan da ke duba ku. Mun kai tamu ran Talata. Likitar ta karanta ta, ta cire tabarau, ta ce wa Yaya, "Mama, ki koma karin kumallonki, ki dai bar lemon kwalbar da cincin ɗin inda kika ajiye su." Ta kuma rage mata ƙwaya ɗaya, tunda nauyinta ya sauka.

Juma'ar da ta wuce na tarar da garau-garau. Na fara murna ina cewa ashe dai bayanina ya shiga. Yaya ta ce, "Wane bayani? Kankana ce ta yi tsada." Takardar tana nan a madafi, an juya bayanta an rubuta lambar mai kawo gawayi. Amaryata kuwa har yanzu ba ta gaishe ni da kyau, wai in biya ta dubu biyar ɗinta.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin ilmin halittu,
Zariya.